Mas'uda 'Yar Kurmi

Mas'uda na cikin tsiyaya gahawa Madam Wafa ta ɗaga rimot ta tsayar da hoton da ke gudana a talabijin, ta juyo da fara'a irin ta wadda ta tsinci 'yar'uwarta a cunkoson Arfa.

"Dada, ajiye butar nan ki zo ki gani. Ba garinku ba ne wannan?"

Da Larabcin mutanen Makka ta yi maganar, don shi ake yi a gidan. Dada kuwa shi ne sunan da 'ya'yan gidan suka raɗa wa Mas'uda tun tana goya su, har iyayen suka kama. Ta ajiye butar ta matso. Talabijin ɗin ta kusa cinye bangon falon, cikinta kuwa babu komai sai kore. Bishiyoyi sun haɗe kai sun hana rana leƙowa, tururi na tashi daga wani kogi mai launin baƙin shayi, can gefe wani goggon biri ya zauna yana ɓare kara da natsuwar dattijon da ya gama aurar da 'ya'yansa.

"Ina ne nan, Madam?"

"Gabon."

"Kusa da mu ne," in ji Mas'uda, wadda ba ta taɓa jin sunan ba sai a wannan hantsin.

Laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da aka kawo ta aiki wannan gida na unguwar Aziziyya a Makka, Madam Wafa ta tambaye ta inda ta girma, ita kuma ta faɗi gaskiya ta ce Kurmi. A bayan Kasuwar Kurmi ta Kano aka haife ta, inda kakanta Malam Kabo yake da rumfar citta da kanumfari. Madam ta tambayi direban gidan, wani Bahaushen Damagaram, mene ne kurmi a yarensu, shi kuma ya ce surƙuƙin daji ne wanda rana ba ta shiga. Mas'uda ta ga yadda idon Madam ya buɗe, ta ga an ba ta aikin nan take alhali mata uku sun riga ta zuwa, sai ta ga babu dalilin ɓata wa baiwar Allah rai da gyara.

Daga nan abin ya yi ta tsiro da kansa. Yara suka ƙi cin abinci, ta ba su labarin damisar da ke kwana a kan katangar gidansu. Yara suka ƙi barcin rana, ta kawo mesar da ta haɗiye turmi. Malam Kabo, wanda a rayuwarsa ko kyanwa ta shigo rumfa sai ya ɗage ƙafafunsa, ya zama maharbin da ya cire wa giwa mashi a ƙafa, giwar kuma ta riƙa ɗauko shi kowace Juma'a tana kai shi masallaci. Yaran sun girma sun koma wa wayoyinsu, amma uwarsu ba ta girma ba. Duk baƙuwar da ta zo gidan sai an kira Dada ta ba ta labarin giwa, a ƙara mata da dabino. Naman dajin da Mas'uda ta taɓa gani ido da ido kuwa zaki ne guda ɗaya a gidan zu na Kano, ranar wata Sallah, shi ma barci yake yi ya juya wa jama'a baya.

"Za mu je," in ji Madam Wafa. "Kwana goma sha biyu. Ni da maigidana Rakan da ƙanwarsa da mijinta. Na gaji da Dubai, na gaji da Landan, kowa ya je. Nan kuwa babu waya, babu titi, babu kanti. Sai ka yi kwana biyu a kwalekwale kafin ka isa masauki."

"Allah Ya ba da lada," in ji Mas'uda, don ba ta san addu'ar da ake yi wa mai biyan kuɗi a raba shi da titi ba.

"Kuma da ke za mu." Madam ta kama hannunta. "Kyauta ce daga gare ni. Shekara nawa rabonki da gida? Za ki ji ƙamshin ƙasarku, ki yi mana tafinta da mutanen daji. Nawaf zai zo bayan la'asar ya karɓi fasfo ɗin kowa."

Nawaf ƙanin Madam ne, mai ofishin shirya tafiye-tafiye a babban titin Aziziyya. Mas'uda ta yi godiya, ta ƙara godiya, ta ɗauki tire ta nufi kicin.

Hure, matar direban nan kuma kukun gidan, tana yanka albasa ta saurari labarin har ƙarshe ba ta ɗago ba. Ta girmi Mas'uda da shekara goma, kuma tana da iƙama, takardar zaman ƙasa, a ƙarƙashin mijinta, shi ya sa take iya dariya a kan abubuwa da yawa.

"To alhamdu lillahi," ta ce. "Ki gaida mini giwar. Ki ce mata mijina ne ya yi mata tafinta ta shigo duniya."

"Yaya Hure, ba lokacin wasa ba ne."

"Wa yake wasa? Fasfo aka ce ki kawo, ki kawo mana. Yana ina?"

Yana cikin wani tsohon gwangwanin madara a ɗakinta na unguwar Ka'akiyya, ya mutu tun kafin 'yarta Minnatullah ta yi haƙori. Umara suka zo ita da mijinta Luqman shekara goma sha takwas da suka wuce, suka ga Ka'aba suka ga kuma abin da suka baro, suka zauna. Luqman ya yi dako, ya yi wankin mota, ya tura keken tsofaffi a Harami, zazzaɓi ya ɗauke shi shekara shida da suka wuce aka binne shi a nan Makka. A gidan Madam an ɗauka cewa tana ƙarƙashin iƙamar mijinta. Da mijin ya rasu an yi mata ta'aziyya, an ba ta hutun kwana uku, babu wanda ya tambayi inda iƙamar ta koma. Tun daga ranar da ta sauka Mas'uda ba ta taɓa wuce shingen binciken hanyar Jidda ba. In ta fita ƙasar nan, ta fita ke nan. Minnatullah kuwa a wani ɗaki a unguwar Tandabawi aka haife ta, shekararta sha shida, ba ta da takardar kowace ƙasa, Hausarta ma sai ta tsaya ta nemo kalma.

"Ki faɗa musu gaskiya," in ji Hure.

"Wacce daga ciki?"

Hure ta ajiye wuƙar ta yi nazari. "Haka ne, suna da yawa. To ki tsorata su. Matar da ta kira jami'an kashe gobara saboda ƙadangare ya shiga banɗaki, ita ce za ta kwana a daji? Ki zuba musu macizai. In tafiyar ta rushe, wa zai nemi fasfo?"

Mas'uda ta wuni tana haɗa kayan yaƙi. Tana goge gilasan taga tana tuno duk wani mugun abu da ta taɓa ji a bakin 'yan cirani masu zuwa kudu: ƙudan tsando, kwarkwasa, matsattsaku, tsutsar da ke shiga ƙarƙashin fata. Da ta yi sallar azahar ta roƙi Allah Ya yafe mata ƙaryar da ta wuce, Ya kuma sa albarka a wadda za ta yi da yamma. Ta san addu'ar ba ta da kyan gani, amma ba ta da wata.

Bayan la'asar falon ya cika. Ustaz Rakan, mai gidan, yana zaune a kujerarsa yana latsa waya. Ƙanwarsa ta zo da jakar kayan da ta riga ta saya: hula mai faɗi, wando mai aljihu takwas, da wani takalmi da ta ce ko kada ya cije shi haƙorinsa ne zai karye. Nawaf ya baje takardu masu sheƙi a kan tebur. Saurayi ne mai gyararren gemu da turare mai riga shi shiga ɗaki, yana magana kamar kowace kalma akwai ragi a kanta.

"Masaukin yana kan ruwa," yake cewa. "Da katako aka gina shi, ba a sare bishiya ko ɗaya ba."

Mas'uda, da ke zagayawa da gahawa, ta so ta tambayi daga ina katakon ya fito, ta haɗiye.

"Ɗaki takwas ne kawai a cikin dajin da ya fi Makka da Jidda da Ɗa'ifa girma in an haɗa su. Da asuba za a fita neman goggon biri. Da yamma giwaye suna fitowa bakin teku, dorina tana wanka a cikin igiyar ruwa. Lantarki awa uku ne a rana. Ruwan wanka daga kogi ake ɗebowa a bokiti."

"Subhanallah," in ji ƙanwar Rakan cikin shauƙi. "A bokiti."

Mas'uda ta tuna layin jarkokin da ta baro a ƙofar gidansu na Ka'akiyya, kwana huɗu tankar ruwa ba ta hawo tudunsu ba. Ashe hutu suke yi su da maƙwabta, ba wanda ya sanar da su.

"Dada, zauna," in ji Madam Wafa. "Faɗa mana abin da za mu tarar. Ita 'yar can ce, Nawaf, a cikinsa aka haife ta."

Mas'uda ta zauna a bakin kafet, ta gyara mayafi, ta sassauta murya.

"Madam, tunda kin tambaya, amana ce in faɗa. Akwai matsattsaku. Daga kan ganye yake faɗowa ya shiga wuyan riga, ba za ki ji shi ba sai ya sha jini ya yi kamar dabino. In kin ja shi, kan ya tsaya a ciki."

Madam ta kai hannu wuyan rigarta. Mas'uda ta ji daɗin ganin haka.

"Kamar ƙaho ke nan," in ji ƙanwar Rakan. "Yana fitar da mataccen jini. A Jidda sai ka yi rajista wata guda kafin a yi maka."

"Akwai kwarkwasa," Mas'uda ta ci gaba. "Tururuwa ce mai tafiya rundunarunduna. In ta shigo ɗaki kana barci, da safe sai ƙashi da zobe. Wani kawuna da agogonsa aka gane shi."

"Wannan a wane wata suke fitowa?" Nawaf ya tambaya, ya zaro biro. "Akwai masu son irin wannan."

Ta kawo ƙudan tsando mai sa mutum barci har ya zarce. Madam ta ce ita da ma shekara uku ke nan ba ta samun barcin kirki. Ta kawo mesa mai haɗiye mutum da takalminsa, ƙanwar Rakan ta ɗaga nata takalmin ta ce a gwada. Ta kawo ruwan sama na kwana arba'in ba ɗaukewa, sai duk suka yi ajiyar zuciya, mutanen da in aka yi yayyafi na minti biyar suke fitowa titi da waya suna ɗauka. Mas'uda ta kashe kawu biyu da gwaggo ɗaya da wani maƙwabci, duk a banza. Kowace gawa sai ta ƙara wa tafiyar daraja. Nawaf ya daina rubutu ya kafa mata ido, ya ce wa yayarsa, "Wallahi muryarta kaɗai ta isa talla."

Sannan ya tattara takardunsa ya buɗe wata jaka. "To, fasfo. Kowa sai ya yi allurar shawara kafin a ba shi biza. Ku huɗu Jidda zuwa Libreville, ku dawo Jidda ranar sha tara. Dada kuma daga Libreville za ta wuce Legas, sai Kano, kamar yadda Ustaz ya ce. Tafiya kawai, babu dawowa. Daidai ne?"

Ya ɗago yana jiran amsa. Ustaz Rakan ya ci gaba da kallon wayarsa kamar an aiko masa da wahayi a ciki. Madam Wafa ta shiga gyara zoben hannunta. Daga yadda ba ta yi mamaki ba Mas'uda ta gane komai.

"Babu dawowa," ta maimaita.

Ustaz Rakan ya ajiye wayar. Mutum ne mai taushin murya wanda bai taɓa ɗaga mata harshe ba, yanzu ma bai ɗaga ba.

"Ya Dada, ke 'yar gida ce, ba sai an ɓoye miki ba. An tsananta bincike. Makon jiya an shiga gidan da ke bayanmu an tafi da mai aikinsu, shi kuma mai gidan yana can yana amsa tambayoyi. Ni ma'aikacin gwamnati ne. Mun san yadda takardunki suke, tun rasuwar mijinki mun sani, ba mu taɓa ce miki komai ba. Na yi magana da wanda zai sabunta miki fasfo ya samo miki takardar fita ta ƙarshe cikin mutunci, ba a motar jawazat masu kwashe marasa takarda ba."

"Ni na ce kada a sallame ki haka kawai," Madam ta karɓe da sauri. "Na ce shekara goma sha ɗaya ba wasa ba ce, a kai ta ta ga daji tukuna, ta yi hutu irin na manya, sannan ta wuce gida. Ai kusa ne, ke kika faɗa."

"Minnatullah fa?"

"Sai ta biyo ki daga baya, in an daidaita."

"Da wace takarda, Madam?"

Na'urar sanyaya ɗaki ta ci gaba da hurawa. A talabijin, da aka kashe wa murya, wata giwa tana watsa wa bayanta ƙasa.

Mas'uda ta dubi kofunan da ke kan tebur, waɗanda ita ta san wanda ya tsage a gindi da wanda Ustaz ba ya so a ba baƙo. Ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta, ba fushi ba, wani irin sauƙi ne kamar na wanda ya sauke buhu a inda ba nan aka ce ya kai ba.

"Na gode, Ustaz. Na gode, Madam. Ba zan je ba. Yarinyata tana nan, kabarin ubanta yana nan. Kuma tunda yau ranar faɗa wa 'yan gida gaskiya ce, ni ban taɓa ganin daji ba."

"Kamar yaya?" in ji Madam.

"Kurmi kasuwa ce a tsakiyar birnin Kano. Ana sayar da citta, da tabarma, da takalman fata. Bishiyar da na sani a unguwarmu guda ɗaya ce, darbejiya, ita ma an sare ta an yi shagon caji. Gabon kuwa yau na fara jin ta a bakinki."

Madam Wafa ta yi fari, sannan ta yi ja. "Damisar da ke kan katanga?"

"Kyanwar maƙwabta ce."

"Giwar fa? Giwar kakanki?"

"A ƙafa yake zuwa masallaci, Madam. Ba nisa."

Abin da Mas'uda ba ta zata ba shi ne hawaye. Madam Wafa, wadda ta tsara rabuwar uwa da 'ya ido a bushe har da zaɓen masauki mai kallon kogi, ta fashe da kuka saboda giwa.

"Shekara goma sha ɗaya kina yi mana ƙarya a cikin gidanmu. Na faɗa wa ƙawayena. Na faɗa wa matar shugaban su Rakan, har ta sa aka kira ki ta ji da kunnenta. 'Ya'yana sun rubuta shi a makaranta an ba su maki. Wane irin mutum ne zai ci abincinka ya yi maka haka?"

"Ki yi haƙuri, Madam."

"Da kin faɗa mini ba ki da iƙama, wannan ba komai ba ne, kowa ba shi da ita. Amma giwa, Dada?"

Ƙanwar Rakan ta rungume ta tana lallashi, tana harar Mas'uda ta ƙarƙashin hular daji da ta manta ba ta cire ba. Ustaz Rakan ya yi gyaran murya ya ce tunda abin ya zama haka, yana ganin ya fi kyau kowa ya huta, kuma daga yau ba sai Dada ta ƙara wahalar zuwa ba. A fuskarsa akwai alamar mutumin da aka rage wa kuɗin tikiti ɗaya. Mas'uda ta tashi, ta tattara kofunan a tire don ba ta iya barin su haka, ta fita.

Hure ta ji komai, don ƙofar kicin ɗin ba ta taɓa rufuwa ba idan ana magana a falo. Ta riga ta ɗaure mata shinkafa da rabin kaza a leda.

"Kin kashe giwar mutane," ta ce.

"Ta tsufa, Yaya Hure."

"Yanzu ina za ki?"

"Gida. Gobe in ga abin da Allah zai yi."

Hure ta tura mata ledar cikin jaka, ta juya ga tukunya da sauri tana cewa albasar nan ta bana yaji gare ta. Mas'uda ta sa abayarta, ta ɗauki silifas ɗinta na aiki da carbin da take ratayewa bayan ƙofa, ta bi ta ƙofar baya.

Rana ta yi sanyi amma kwalta na mayar da zafin da ta sha tun safe. Duwatsun da suka kewaye unguwar sun tsaya tsirara, ko ciyawa ɗaya babu. Ta kama hanyar da take bi kullum, ta lungu, inda motar sintiri ba ta cika shiga ba, tana lissafin gidajen da ta sani masu neman mai wanki. Ba ta kai ƙarshen layin ba wata farar mota ta rage gudu a gefenta. Ta ɗauka 'yan sintiri ne, sai gilashi ya sauka ta ga gyararren gemu.

"Dada, tsaya mana," in ji Nawaf. "Tun ɗazu nake neman ki."

"Na mayar da makullin, yana wurin Hure."

"Ba makulli ba ne. Kawun nan naki da aka gane da agogo, da gaske babu shi?"

"Babu shi."

"A take kika ƙirƙiro shi?"

"Ina zuba maka gahawa."

Nawaf ya buga sitiyari yana dariya. "Wata shida ina tallar tafiyar nan, mutum tara na samu. Na sa hotuna, na sa kiɗa, na ɗauko wani Bature mai digiri a kan birai ya yi bayani, mutane suna wucewa. Ke kuwa kin yi minti ashirin kina ƙoƙarin hana su, ƙanwar Rakan ta ce in ƙara mata kwana uku. Ina son muryarki. Minti ɗaya-ɗaya, a waya, sau uku a mako. Ki ba da labarin daji da wannan Larabcin naki, kada ki gyara shi. Za mu sa hoton bishiyoyi a kai."

"Ka ji dai abin da na ce a falo. Ban taɓa zuwa ba."

"Ni ma ban taɓa zuwa ba."

Mas'uda ta dube shi da kyau. Bai yi kama da mai wasa ba, kuma bai yi kama da mai jin kunya ba.

"Ba ni da iƙama."

"Murya ba ta buƙatar iƙama. Ba fuska, ba suna, ba sai kin zo ofis ba. Daga ɗakinki za ki turo, duk Alhamis direbana ya kawo miki haƙƙinki a hannu." Ya faɗi adadin. Ya ɗara abin da take samu a gidan yayarsa da wanke banɗaki biyar.

"Madam za ta gane muryata."

"Wafa ba za ta faɗa wa kowa ba. In ta tona ki ta tona kanta a wurin matar shugaba."

Wata mota ta yi masa hon a baya, ya ɗaga hannu ya ba ta haƙuri. Mas'uda ta tsaya riƙe da ledar shinkafa. Ta tuna addu'arta ta azahar, ta rasa ko amsa ce wannan ko jarrabawa, ta ga kuma ba a bakin titi za ta warware ba. Kuɗin haya dai ba ya jiran fatawa.

"Sharaɗi ɗaya," ta ce. "Ba zan ce wa kowa babu haɗari ba. In mesa ta haɗiye wani, na faɗa."

"Shi nake so ki faɗa."

"To a wane gari aka haife ni? Kada wani ya tambaya."

Nawaf ya ɗan yi tunani. "Bari in duba taswira in na koma ofis. Zan turo miki."

Ya ja motarsa. Ita kuma ta gangara bakin babban titi, ta sami wata motar haya ta wani ɗan Burma da ta saba shiga, ta matsa kusa da mata biyu a baya. Suna hanyar Ka'akiyya, ana shirin kiran magariba, wayarta ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Nawaf, kalma ɗaya tak. Ta kara a kunne ta saurara sau biyu, sannan ta kira Minnatullah.

"Ummi, kin taso?" in ji yarinyar, rabi Hausa rabi Larabci. "Tankar ruwa ta zo, na cika jarka huɗu."

"Madalla. Ɗauko wayarki ki duba mini wani gari, Lambarene."

"Lam me?"

"Lambarene. Ki ga ko akwai kogi, da abin da suke ci, da yadda suke gaisuwa."

"Ina ne wannan kuma?"

"Garinmu ne," in ji Mas'uda. "Ki duba da kyau, gobe da safe nake fara tunawa da shi."